Tuwon tasha: tarihin rumfunan abincin da suka shuɗe a Gagarawa da layin dogon Nguru

A jerin mazaɓun ƙaramar hukumar Gagarawa da ke jihar Jigawa akwai biyu masu suna kusan ɗaya: Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. Na farkon shi ne tsohon mazauni. Na biyun kuwa ƙarfen dogo ne ya haife shi, kamar yadda sunansa ya nuna. A ƙasar Hausa kuma, duk inda aka ce tasha, to an ce tukunya a kan murhu, domin matafiyi ba ya ɗauko ɗakin girkin matarsa ya taho da shi.

Wannan bayani ya shafi waɗancan tukwane ne: gidajen tuwo, teburan shayi, tukubar masu tsire da farantan 'yan talla waɗanda suka ciyar da ƙasar Gumel da baƙinta na tsawon shekaru, daga zamanin gyaɗa har zuwa lokacin da jirgi ya daina zama abin dogaro. Galibinsu ba su da allon suna a ƙofa, ba su da rajista a ofishin kowa. Sunan mai wurin shi ne sunan wurin. Shi ya sa ranar da ta rasu, ko ta tsufa ta sauke tukunya, wurin kan tafi tare da ita ba tare da ya bar ko alama ba.

Layin da ya haifi garin

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, aka buɗe layin ga jama'a a 1912. Cikin 'yan shekaru kaɗan gyaɗa ta zama babbar hajar da ake lodawa zuwa bakin teku. Domin a kai ga manoman gabashin lardin Kano da yammacin Borno, sai Turawan mulki suka ja reshe daga Kano zuwa Nguru, mai tsawon kimanin kilomita 230, wanda aka kammala a 1930. Ya bi ta Ringim da Taura, ya ratsa Gagarawa, ya wuce Malam Madori da Birniwa, sannan ya tsaya a Nguru.

Abin lura shi ne layin bai shiga birnin Gumel ba, bai kuma shiga Haɗejiya ba. Saboda haka kowace masarauta ta samu ƙofarta a bakin dogo: Malam Madori ta zama ta Haɗejiya, Gagarawa kuma ta zama ta Gumel. Gyaɗa da fatu da ƙaro da aka tara daga ƙauyukan da a yau suke cikin Sule Tankarkar da Maigatari, har da waɗanda suka tsallako daga ƙasar Damagaram, a kan jakuna da raƙuma da shanun dako suke tahowa su nemi bakin dogo. A manyan tashoshin layin, kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, da 'yan kasuwa Kwarori, da wakilan manyan attajiran Kano, duk sun kafa sikeli. A bayansu kuma ga 'yan baranda, masu sayen gyaɗa mudu-mudu daga hannun manomi su tara buhu.

Mai karatu ya ƙiyasta yawan bakin da ke neman abinci a irin wannan wuri da kaka. Ga akawun sikeli, ga masu ɗinkin buhu, ga 'yan dako da leburorin lodi, ga ma'aikatan reluwe waɗanda da yawansu daga kudu aka turo su, ga manomin da ya karɓi kuɗin gyaɗarsa yau, aljihunsa da nauyi, gida kuma da nisa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da murhu a kusa.

Wanda ke cin abinci a waje

Ba za a fahimci matsayin gidan tuwo ba sai an tuna yadda Bahaushe ya ɗauki cin abinci a bainar jama'a. Magidanci mai mutunci a gidansa yake ci, ko a zaure tare da maƙwabta, kowa ya fito da akushinsa a haɗa. Ganinsa zaune a rumfar mai tuwo a cikin garinsu abin tambaya ne: ko matarsa ta yi yaji, ko gidan babu hatsi. Tuwon saye na gwauro ne da tuzuru da baƙo. Wannan ne dalilin da ya sa gidajen abinci ba su tsiro a tsakiyar tsofaffin garuruwa ba, sai a gefe: kasuwa, zango, tasha. A nan kowa baƙo ne, babu mai jin kunyar wani.

Asalin abin ya girmi jirgi nesa ba kusa ba. Ayarin fatake na da zangonsu, inda matan gari ke kawo fura da tuwo su sayar wa masu sauka. A kasuwannin dabbobi kuma akwai fatoma, mai masaukin da ke sauke baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki, ya samu la'adarsa. Tashar jirgi ta gaji wannan tsari ne, sai dai ta ƙara masa abu ɗaya da zango bai taɓa samu ba, wato mutanen da ke karɓar albashi ƙarshen wata, suna kuma zaune a wurin shekara da shekaru.

Ko kalmar da ake kiran wurin da ita tana da tarihi. "Otal" a kunnen mutanen da ba ta nufin wurin cin abinci kawai ba. Tana ɗauke da warin giya da zaman banza. Don haka mace mai kishin sunanta ba ta yarda a ce tana da otal. Ta fi son a ce gidan tuwo, ko rumfa, ko dai kawai a ce "wajen Hajiya".

Yadda rumfar take

Ginin ba wani abin a zo a gani ba ne: dirkoki, rufin zana ko tsohon kwano, tabarma a ƙasa ga masu son zaman gida, benci ɗaya ko biyu ga masu wando. A ƙofa akwai randa da moɗa, da buta ta wanke hannu. Murhun yana daga baya, inda manyan tukwane ke kan duwatsu tun kafin asuba. Da dare aci-balbal ko fitilar ƙwai ce ke haska wurin.

Abincin ma na ƙasar ne. Arewacin Jigawa ƙasar gero ce da dawa, don haka tuwon gero da na dawa su ne ginshiƙi, da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa ko karkashi, an ji daddawa, an zuba man shanu ga wanda ya biya. Kusancin yankin da Borno, da kasancewar gidan sarautar Gumel na Mangawa, ya sa burabusko ba baƙo ba ne a nan. Shinkafa a wancan zamani abincin alfarma ce, ba ta kowace rana ba. Sai daga baya ta zama ruwan dare. Da safe koko ne da ƙosai, ko waina da miyar taushe. Da rana ɗanwake da man gyaɗa da yaji, ko dambu, ko fura da nonon da matan Fulani ke kawowa a ƙwarya. Man gyaɗa da ƙuliƙuli kuwa ba a maganarsu, tunda a kan gyaɗar ake zaune.

Ba a tambayar farashi, kuɗin ne ke faɗin girman malmala. Mutum zai ce a ba shi tuwon kwabo, ko na taro, ko na sisi idan yau ta yi kyau, nama kuma lissafinsa daban, yanka-yanka. Matasan yau da ba su san waɗannan sunaye ba su sani cewa kafin Naira ta shigo ranar 1 ga Janairun 1973, anini goma ne kwabo ɗaya, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin kuma fam guda. Mai tuwo ta ƙware wajen yanka da mara ta yadda na kwabo ba zai taɓa kai na ahu ba, ko da a cikin duhu ne.

Nama sana'ar maza ce. Mahauci na kafa tukubarsa da la'asar, ya jera tsire kewaye da wuta, balangu kuma a gefe. Mai shayi shi ne na farkon buɗewa, shi ne na ƙarshen tashi, teburinsa kuma majalisa ce: a nan rediyo take, a nan ake jin farashin gyaɗa da labarin siyasa. Shi kansa burodin da yake yankawa, da garin rogon da ake tuƙa teba da shi, hanyar dogo ce ta yaɗa su a arewa. Ma'aikatan reluwe 'yan kudu sun zo da matansu da irin girkinsu, wasu matan kuma suka buɗe nasu wuraren. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun kwashe da yawa daga cikinsu daga tashoshin arewa, amma ɗanɗanon da suka koya wa mutane bai tafi ba.

Abin da ya fi muhimmanci game da rumfar, a ganina, ba a cikin tukunya yake ba. Gidan tuwo banki ne, gidan waya ne, ma'ajiya ce. Lebura na ci bashi har ranar biya, mai tuwo tana riƙe da lissafin a kanta ko da zanen gawayi a bango. Direba na barin saƙo a ba wani direban da zai wuce jibi. Matafiyin da jirgi ya bari yana ajiye ƙunshinsa a bayan randa, ya kwana a kan tabarmar da aka ci abinci a kai. Almajirai na ɗebo ruwa su wanke kwanuka, a sallame su da ƙanzo da ragowar miya. Idan baƙo ya faɗi ciwo a tasha, sau da yawa mai tuwo ce ta farko da za ta san daga wane gari ya fito.

Abinci ta taga

A Amurka akwai wani nau'in gidan abinci da tsofaffinsu ke begensa har yau, wanda mutum ke shiga da motarsa, ya tsaya, a kawo masa faranti har taga, ya ci bai sauko ba. An fara shi a birnin Dallas na jihar Texas a 1921. A 1933 kuma aka buɗe silimar farko da ake kallo daga cikin mota a jihar New Jersey, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1950 irinta sun kai kimanin 4,000 a faɗin ƙasar. Mutanen Gagarawa ba su mallaki motoci haka ba, amma cin abinci ta taga sun san shi sarai, sai dai tasu tagar ta jirgi ce.

Layin Nguru ƙwaya ɗaya ne, ba tagwaye ba. Idan jirage biyu za su yi kiciɓis, dole ɗaya ya tsaya a tasha ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Ga sauke kaya da lodi, ga haɗa taragu da kwance su. Saboda haka tsayuwar da aka rubuta mintoci kaɗan tana iya zama sa'a guda ko fiye. Wannan jinkirin, wanda fasinja ke tsine wa, shi ne jarin garin. Da an ji kukan jirgi daga nesa, yara mata da maza za su fito a guje da farantai a ka: dafaffen ƙwan zabi, gyaɗa dafaffiya da soyayya, ƙosai, rogo da ƙuli, kwaɗon zogale, alewa, goro, ruwan sanyi a tulu. Ana miƙa kaya sama, ana jefo kuɗi ƙasa. Kowane tsohon fasinja ya san fargabar da ke cikin wannan ciniki: jirgi ya motsa, canjinka na hannun yarinya, ko kwanonta na hannunka, tana bin tarago da gudu.

Waɗannan farantan ba daga rumfunan tasha kaɗai suke fitowa ba. Yawancinsu daga cikin gidajen aure suke, inda matan kulle ke soya da dafawa, 'ya'yansu kuma su zama ƙafafunsu. Baturiya Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta kira wannan harka ɓoyayyen ciniki, ta nuna cewa abin da ke gudana tsakanin gida da gida ba ƙaramin kasuwanci ba ne. Enid Schildkrout kuma ta bi sawun yaran talla a birnin Kano a shekarun 1970, ta bayyana yadda ribar da yarinya ke kawowa take komawa sayen kwanuka da tasoshin kayan ɗakinta. Wato tsayuwar jirgi ta rabin sa'a tana iya zama jeren samira a ɗakin wata amarya bayan shekara uku.

Ba komai ne abin bege a nan ba, kuma bai kamata a shafa masa zuma ba. Yarinyar da ke bin tarago da faranti ba ta cikin aji. Lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, talla na cikin manyan abubuwan da suka yi ja-in-ja da makaranta a kan 'ya'ya mata, kuma har yau ba a gama wannan ja-in-ja ba a Jigawa.

Masu tukunyar

Su wane ne ke zama a rumfa, fuska a buɗe, suna ciniki da maza baƙi? Mafi yawa mata ne da aure ba ya tsare su: zawarawa, gwauraye mata da mazansu suka rasu, dattijan da suka wuce shekarun kulle. Akwai kuma mata masu zaman kansu, waɗanda a garuruwan tasha suke ƙarƙashin Magajiya, da yawansu kuma tuwo-tuwo ce ta zama musu hanyar tuba da tara abin rufin asiri. Haka nan 'yan daudu sun yi suna wajen girki a tashoshin mota da kasuwanni, musamman soye-soye da farfesu, abin da mai bincike Rudolf Gaudio ya rubuta a kai a littafinsa na 2009 game da Kano.

Wannan cakuɗa ce ta sa al'umma ta riƙa kallon sana'ar da ido biyu. Ana cin tuwon, ana yaba hannun, amma ba kowa ke son a ce uwarsa ce ke tuƙa shi ba. Duk da haka daga cikin waɗannan rumfuna mata suka sayi filaye da shanu, suka yi adashi, suka aurar da 'ya'ya, suka sauke farali suka dawo da haƙorin Makka. A yankin da gado da gona suka fi karkata ga maza, murhun tasha na cikin 'yan ƙofofin da mace ke shiga da hannu biyu ta fito da dukiyar kanta. Ina jin kunyar da ke tattare da sana'ar na cikin dalilan da suka sa ba a adana tarihinta ba. Jikokin attajirin gyaɗa suna alfahari da sikelin kakansu. Jikokin mai tuwo kan ce kakarsu 'yar kasuwa ce, su yi shiru.

Takardun hukuma ma ba su taimaka ba. Rahotannin reluwe tan-tan na gyaɗa suke ƙirgawa da adadin fasinja. Wadda ta ciyar da masu ɗora buhunan a tarago ba ta cikin lissafi.

Daren Kano

Ga mutumin Gumel da jirgi ko mota ta sauke a Kano, wadda ita ce hedikwatar lardinsa, kuma babban birnin jiharsa daga 1967 zuwa 1991, akwai wata duniyar abincin dare a ƙofar gidajen silima. Rex, Plaza, Palace, Orion, El Dorado, Wapa: yawancinsu fili ne da katanga, allo a gaba, sama a buɗe, sai duhu ya yi ake farawa. Su ne mafi kusa da waccan silimar mota ta Amurka, sai dai a nan da ƙafa ko keke ake zuwa. A bakin kowacce akwai masu shayi da tsire da gurasa da rake, suna jiran a tashi daga fim ɗin Indiya. Gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara wa wuraren baƙin jini a idon malamai da iyaye, amma ba ta hana su cika ba. Abin da ya kwashe musu jama'a shi ne bidiyo da ya shiga ɗakuna, kuma da suka mutu, kasuwar daren da ke ƙofarsu ta watse.

Hatta wuraren da gwamnati ta gina da siminti da allon suna ba su tsira ba. Otal ɗin Bagauda, na zamanin Gwamna Audu Bako, ya koma harabar makarantar horar da lauyoyi. Daula kuwa, bayan shekaru yana lalacewa, an ba da filinsa aka yi sababbin gine-gine, waɗanda aka rushe a watan Yunin 2023. Idan masu rajista da ma'aikata da kasafin kuɗi sun ƙare haka, ina ga rumfar zana?

Abin da ya kashe wutar murhun

Babu wanda ya rufe gidajen tuwon tasha da doka a rana ɗaya, ba kuma hannun masu girkin ne ya lalace ba. Ƙafar da ke kawo musu ciniki ce ta sauya hanya, kuma hakan ya faru ne a hankali, mataki bayan mataki.

Gyaɗa ce ta fara tafiya. A shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da ita. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya auka wa yankin Sahel, arewacin lardin Kano na cikin inda ya fi tsanani. Kafin manoma su farfaɗo, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta cinye gonaki. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta daina damuwa da harajin amfanin gona. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, sikeli ya tashi daga tashoshi, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona baki ɗaya. Da lebura da akawu da ɗan baranda duk suka nemi wata sana'a a wani wuri.

Sai titi. Kuɗin man da ya kashe gyaɗa shi ne ya shimfiɗa kwalta, ya cika ta da motoci. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Mutumin Gumel da a da sai ya nemi hanyar zuwa Gagarawa, ya jira jirgi, wataƙila ya kwana, yanzu yana shiga fijo a tashar garinsu ya bi ta Gujungu da Ringim, ya yi sayayyarsa a Kantin Kwari ya dawo ya ci tuwon dare a gidansa. Matafiyin da ba ya kwana a hanya ba ya bukatar mai tuwo. Ita kuma hukumar jiragen ƙasa, wadda aka kafa a 1955, ta shiga halin ni-'yasu a shekarun 1980: injuna sun tsufa, albashi ya maƙale, jirgin Nguru ya koma na jefi-jefi. Yarinya ba za ta soya ƙosai don jirgin da ba a san ranar zuwansa ba.

Amurkawa sun ga irin wannan. Shahararriyar hanyarsu mai lamba 66, wadda aka buɗe a 1926, ta raya ɗaruruwan ƙananan gidajen abinci na iyali. Da aka gina manyan tagwayen hanyoyi da ke kewaye garuruwa, sai cinikin ya ƙafe, a 1985 kuma aka soke lambar hanyar daga rajista. Bambancin kawai shi ne su sun ɗauki hotuna, sun ajiye allunan, har sun mayar da abin yawon buɗe ido.

Ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991 ya sake juya akalar zirga-zirga, domin ma'aikaci da ɗan kwangila yanzu Dutse suka nufa. Ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a shekarar 2000 ta tarwatsa gidajen mata masu zaman kansu a garuruwa da dama, wasu rumfunan abincin da ke jingine da su kuma suka bi su. Sauran canje-canjen ƙanana ne amma sun taru sun yi yawa. Leda da robar ɗaukar abinci sun maye gurbin kwano, saboda haka ba sai an zauna ba. Ruwan leda ya kori randa. Indomie da ƙwai a teburin mai shayi sun janye samarin da a da tuwo za su nema. Itacen girki, a yankin da hamada ke matsowa, ya zama abin saye da tsada.

Inda wutar ta koma

Kuskure ne a ce sana'ar ta mutu. Ƙaura ta yi. Wanda ke son ganin abin da ya yi kama da tashar Gagarawa ta zamanin gyaɗa, ya je Maigatari ranar Alhamis, inda kasuwar dabbobi ke tara fatake daga Nijar da dillalai da direbobin tirela masu lodin shanu zuwa kudu, ko ya je Gujungu ranar Lahadi. Riɗi da zoɓo sun gaji gyaɗa a matsayin hajar da ake fitarwa waje, kuma masu tankaɗe su da ɗura su a buhu suna cin abinci kamar yadda kakanninsu suka ci. Manyan tukwane na nan, tukuba na nan, yara na miƙa leda ta tagar mota.

Sai dai darasin da tashar jirgi ta koyar yana maimaita kansa a nan, kuma da sauri. Da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020, masu abincin Maigatari na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya zo wa sana'ar da ba ta san wani ciniki ba sai na hannu da hannu. Ranar 29 ga Mayun wannan shekarar aka janye tallafin man fetur, motoci suka ragu a hanya. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli aka sake rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mai tuwo ba ta da yadda za ta yi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke hannunta kawai shi ne ta rage girman malmala, ko ta rage yawan abin da take ɗorawa a wuta.

Ana kuma sake shimfiɗa dogo a arewa. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Bai biyo ta ƙasar Gumel ba. Ko a garuruwan da zai ratsa, tsarin sababbin jiragen ya bambanta da na layin Nguru. A layin Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a watan Yulin 2016, tashoshin a killace suke, sai mai tikiti ke isa bakin jirgi, abin ci a cikin tarago ake sayar da shi, tagogin kuma a rufe suke saboda na'urar sanyaya ɗaki.